Yadda Ake Neman Belin Wanda Ake Tuhuma da Kisan Kai da Haɗa Baki

Bayan sallar isha'i aka yi faɗan, a bayan gidan kallon ƙwallo na unguwarsu. Aka soki wani yaro da wuƙa a ƙasan haƙarƙari, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Kafin asuba 'yan sanda sun kwashe samari bakwai, har da ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda aka gani a wurin kuma kowa ya san abokin wanda ya yi sukar ne. Har yau ina ganin Inna tsaye a gaban kantar 'yan sanda a caji ofis, kular tuwo a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kwance bakin zani inda ta ƙulle kuɗin adashinta, tana tambaya nawa za ta biya a ba ta ɗanta. Wata uku muka kwashe muna bin mutanen da ba su da ikon sakin sa, muna zuba kuɗi inda ba sa amfani. Abin da muka koya da tsada shi zan shimfiɗa a nan, domin wanda wannan jarrabawa ta sauka a gidansa ya san inda zai dosa tun daren farko.

A Najeriya, wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne, alƙalin Babbar Kotu ne ke da ikon ba da belinsa, kuma ba ya bayarwa sai an nuna masa dalili na musamman. DPO ba shi da wannan iko, ɗan sanda mai bincike ba shi da shi, majistare ma ba shi da shi. Dalili na musamman kuwa da takarda da kwanan wata ake tabbatar da shi. Kuka da rantsuwa da "wallahi yaronmu ko kaza ba ya iya yankawa" ba sa shiga fayil.

Ku fara sanin abin da aka rubuta a kansa

Kafin komai ku nemi sanin sashen dokar da aka ɗora masa. A yawancin jihohin Arewa da Abuja, kundin dokokin laifuka na Final Kod ne ake amfani da shi. Sashe na 221 shi ne kisan kai da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 224 kisan kai ne da hukuncinsa bai kai kisa ba, kamar wanda aka tunzura shi nan take har ya fita hayyacinsa, ko faɗa ya ɓarke ba shiri. Iyakarsa ɗaurin rai da rai. Sashe na 97 kuma shi ne haɗa baki. Jihohin da suka sabunta kundinsu, irin Kaduna a 2017, lambobin sassan sun canja, amma laifukan suna nan yadda suke.

Bambancin 221 da 224 babba ne a maganar beli. A ƙarƙashin 224, beli shi ne asali, mai gabatar da ƙara ne zai kawo dalilin hanawa. A ƙarƙashin 221 abin ya juya: tsarewa ce asali, ku ne za ku kawo dalilin saki.

Haɗa baki shi ne ke jawo mutum bakwai cikin sukar da mutum ɗaya ya yi. A doka, haɗa baki yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu ko fiye a kan aikata laifi, kuma wanda ya shiga yarjejeniyar ana hukunta shi kamar wanda ya taimaka aka yi. Da wuya a sami takarda ko shaidar da ta ji ana ƙulla irin wannan magana, saboda haka daga take-taken mutane ake hango ta: wa ya kira wa a waya, wa ya kawo makami, wa ya tare hanya. Amma tsayuwa a wurin kawai, ko zama abokin wanda ya yi, ba haɗa baki ba ne. A unguwa ana cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne. Kotu ba ta yarda da wannan ba sai an nuna abin da abokin ya yi ko ya faɗa. Ku riƙe wannan, domin shi ne jigon neman beli ga yawancin samarin da aka kwashe a samame.

Daren farko a hannun 'yan sanda

A nan ake yin ɓarnar da ke bin mutum shekaru. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta ce ana iya ɗaukar sitatimen ɗinsa a gaban lauyansa, in ba shi da lauya a gaban jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko wani mutum da ya zaɓa, kuma in bai jin Turanci a kawo tafinta ya karanta masa abin da aka rubuta. In kun samu ganinsa, maganar farko da za ku faɗa masa ita ce kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa da Hausa ba. Baki shi ke yanka wuya. Layi biyu da aka rubuta da Turanci, "mun je tare da shi don mu rama", sun isa su mayar da ɗan kallo ya zama mai haɗa baki.

In kun ga alamar duka a jikinsa, ku rubuta rana da lokaci da inda raunin yake, ku gaya wa lauya. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mayar da azabtar da wanda ake tsare da shi babban laifi, Dokar Shaida ta 2011 kuma ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka tatsa da azaba. In an kama mahaifi ko mata ko ƙani a madadin wanda ya gudu, wannan haramun ne a sashe na 7 na ACJA, kuma lauya zai iya fitar da su ba tare da jiran komai ba.

Ku sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ku ba mutum ɗaya mai natsuwa a gidan. Ya rubuta ranar kamu da sa'a, sunan caji ofis, ranar da aka mayar da shi sashen binciken manyan laifuka na jiha, wato CID, sunan mai bincike, kowace ranar zaman kotu da abin da aka ce. Namu littafin mai bangon shuɗi ne, ƙanwarsa ce ta riƙe shi, kuma ranar da lauya ya zauna rubuta takardar neman beli daga cikinsa ya kwashe komai.

Kada ku ba kowa kuɗi da sunan zai "sauke cajin" ko zai sa a cire sunan yaronku. Za ku gamu da masu irin wannan alkawari a bakin caji ofis da harabar kotu, da manyan riguna da lambobin waya. Fayil ɗin kisan kai ba ya mutuwa a teburin ɗan sanda. Dole ya tafi ma'aikatar shari'a.

Wani abu da ya kamata ku sani don kada ku yi ta gardama a banza: ƙa'idar da kowa ya haddace ta kai mutum kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, sashe na 35(7) na Tsarin Mulki ya cire wanda ake zargi da laifin kisa daga cikinta. Wannan bai ba kowa lasisin ajiye shi har abada ba, amma ku san ba da ita za ku ci nasara ba.

Lauya

Ku nemi wanda ya saba da shari'ar manyan laifuka a Babbar Kotu. Wanda ya ƙware a cinikin fili ko rabon gado gwani ne a fagensa, amma wannan fage daban ne. Ku tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa neman beli a tuhumar kisa, ku yi yarjejeniyar kuɗi a rubuce, a fayyace ko kuɗin na beli ne kawai ko har da shari'ar gaba ɗaya. Lauyan da ya ce muku "ku kawo kaza, jibi yana gida", ku tashi ku bar ofishinsa. Mai gaskiya zai ce muku zai nema, alƙali ne mai bayarwa.

In babu hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Najeriya, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a jihohi kuma kisan kai na cikin laifukan da take tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta NBA suna da masu aikin sa kai, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimakon mata da yara. Kuma idan shari'a ta fara a Babbar Kotu, ba a yi wa mutum shari'ar kisa ba lauya; in ba shi da shi kotu ce za ta nema masa.

Kotun majistare: inda ake ajiya

Daga CID za a kai shi gaban majistare da takardar rahoton farko, wadda kowa ke kira FIR. Za a karanta masa, amma majistare ba zai yi shari'ar ba domin ba shi da hurumin kisan kai. Zai tura shi gidan gyaran hali, a Kano Kurmawa ko Goron Dutse, ya ɗage zama "har a sami shawarar ma'aikatar shari'a". Iyalai da yawa suna zuwa wannan zama da masu tsayawa da takardun gida, suna zaton ranar za a ba da beli. Mu ma haka muka yi, har da ɗauko Kawu daga ƙauye. Zaman bai fi minti biyar ba.

Amfanin wannan kotu gare ku takardu ne. Lauya ya rubuta wa rajistara ya nemi kwafi mai hatimin kotu na FIR, da na bayanan zaman kotu, da na umarnin tsarewa. Ana biyan ɗan kuɗi a ba da rasit. Waɗannan su za a liƙa a takardar neman beli.

Ku kuma lura da wa'adi. A ƙarƙashin ACJA umarnin tsarewa na farko ba ya wuce kwana 14, ana iya ƙara wasu 14 in an kawo dalili, daga nan kotu ta kira hukumomi su bayyana dalilin da ya sa ba za a saki mutumin ba. ACJA tana aiki a Abuja da kotunan tarayya. Jihohi suna da tasu, Kaduna ta 2017, Kano ta 2019, kuma adadin kwanakin yana iya bambanta. Lauyanku ya duba ta jiharku, ya riƙa tunatar da majistare a kowane zama, a sa a rubuta. Kowace ɗagewa da aka rubuta cewa "har yanzu shawara ba ta fito ba" hujja ce da kuke tarawa.

Bin sawun fayil

Abin da za ku ji ana ta kira ligal adbais shi ne shawarar da ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki, DPP, ke bayarwa bayan ya karanta fayil ɗin 'yan sanda. A ciki ne ake cewa wane a gurfanar da shi a kan kisa, wane a sauke tasa zuwa ƙaramin laifi, wane babu hujja a kansa a sake shi. A ganina wannan takarda ta fi neman beli muhimmanci ga wanda aka haɗa da shi a haɗa baki, domin tana iya fitar da shi gaba ɗaya ba tare da mai tsayawa ba. ACJA ta ba da kwana 14 a fitar da ita bayan karɓar fayil. A aikace tana iya ɗaukar watanni, kuma sau da yawa ba a ma'aikatar take maƙale ba: fayil ɗin ne bai bar hannun 'yan sanda ba, ko babu rahoton likita a kan gawar.

Saboda haka ku bi a hankali. Shin an kwafi fayil ɗin an tura? Wace rana, da wace lambar wasiƙa? In ya isa, wane lauyan gwamnati aka ba? Lauyanku ya rubuta wasiƙar tuni ga Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnati, ya karɓo kwafin da aka buga wa hatimin "an karɓa". In kuna da shaidar cewa yaron ba ya wurin, misali rajistar wurin aiki ko katin asibiti ko tikitin mota, a kai wa mai bincike tun da wuri a rubuce. Hujjar "ba na nan" da aka ɓoye sai ranar shari'a ba ta da nauyin wadda aka bayar tun a CID aka ce a je a bincika.

Dalili na musamman

Sashe na 161 na ACJA ya ambaci abubuwa uku, kuma dokokin jihohi da yawa sun bi sawunsa.

Na farko rashin lafiya. Sai likitan asibitin gwamnati ya tabbatar a rubuce, kuma sai an nuna cewa inda ake tsare da shi ba su da kayan aikin kula da ciwon. Sharaɗi na biyun nan ne mutane ke mantawa. A 2002 Kotun Ƙoli ta hana Mohammed Abacha beli a shari'ar kisan Kudirat Abiola duk da ya kawo maganar rashin lafiya, ta ce faɗar ciwo da baki bai isa ba, sai an nuna hukuma ta kasa kula da shi. A ɗaya ɓangaren, Babbar Kotun Abuja ƙarƙashin Mai shari'a Yusuf Halilu ta ƙi belin Maryam Sanda, wadda aka tuhuma da kisan mijinta, fiye da sau ɗaya, sai a watan Maris na 2018 ta bayar bayan an gabatar da rahoton likita a kan juna biyu da rashin lafiyarta. Alƙali ɗaya ne, tuhuma ɗaya ce. Takardar da ke gabansa ce ta canja. Wannan shari'a ta kuma nuna cewa beli ba wanke mutum ba ne, domin a Janairun 2020 kotun ta same ta da laifi. In naku yana da sikila ko ciwon ƙoda ko tarin fuka ko farfaɗiya, ku nemo tsohon katinsa na asibiti, lauya ya nemi rahoto daga asibitin gidan gyaran hali da ke nuna sau nawa aka fitar da shi waje da abin da suka rasa. Kada ku sayi rahoton bogi. Lauyan gwamnati na iya rubuta wa asibitin, in asiri ya tonu kun rufe ƙofar da hannunku kun kuma jawo wa kanku sabuwar tuhuma.

Na biyu jinkiri mai yawa a bincike ko gurfanarwa ko gabatar da shari'a, wanda ya haura shekara guda. A nan littafin nan mai bangon shuɗi yake biyan kuɗinsa. Lauya zai jera ranakun: an kama shi rana kaza, an kai majistare rana kaza, an ɗage sau goma sha ɗaya, an rubuta wa ma'aikata sau uku. Amma jinkirin ya zama daga ɓangaren gwamnati. In lauyanku ne ke ta neman ɗagewa ko ba ya zuwa, ba za a lissafa muku ba. Wanda ke ganin shekara guda wasa ce ya tuna Manjo Hamza Al-Mustapha, wanda aka tsare tun 1998, aka yanke masa hukuncin kisa a 2012, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi a Yulin 2013. Shi sananne ne, duniya na bin labarinsa. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran halin ƙasar nan jiran shari'a suke, kuma mafi yawansu ba wanda ya san sunansu sai iyayensu mata.

Na uku duk wani yanayi da alƙali ya ga ya kai na musamman. Mafi ƙarfi a nan shi ne raunin hujja. A shari'ar Anaekwe ta 1996, wadda ita ma tuhumar kisa da haɗa baki ce, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da beli domin an ajiye mutum ta hannun majistare ba a shigar da tuhuma a Babbar Kotu ba, ba a kuma kawo hujjojin da za a duba ba. Ambaton kalmar kisa kaɗai bai isa a rufe mutum ba. In a cikin fayil babu shaida ko ɗaya da ya ambaci naku, ko abin da ke kansa kawai sitatimen ɗin abokin tuhumarsa ne, lauya ya nuna. Dokar Shaida ta ce iƙirarin wanda ake tuhuma kansa yake ci, ba ya cin abokin tuhumarsa sai in shi ma ya amince da shi. Ƙarancin shekaru, tsufa tukuf, shayarwa, duk ana kawo su su ƙara nauyi.

Na san abin da wasu za su ce: ai manya ba sa jiran shekara. Za su kawo misalin Alhassan Ado Doguwa, wanda aka tsare a farkon Maris na 2023 a kan tuhumar da ta haɗa da kisa da haɗa baki, Babbar Kotun Tarayya a Kano ta ba da belinsa a kan naira miliyan 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma'aikatar shari'a ta jihar ta ce babu hujjar gurfanar da shi. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne lauyoyinsa ba su kwana ba. Sashen dokar da ya ba mai ƙarfi damar zuwa gaban alƙali shi ne ya ba ɗan mai kosai, sai dai ɗan mai kosai ba shi da wanda zai kai takardarsa, kuma wannan ne abin da ke ci mini rai.

Shigar da takarda

Lauya zai shirya abu uku: takardar roƙo, takardar rantsuwa, da rubutaccen jawabi mai kawo dokoki da hukunce-hukuncen baya. Takardar rantsuwa ita ce taku. Yawanci ɗan uwa na jiki ne ke rantsewa, uba ko yaya ko mata, a gaban kwamishinan rantsuwa na kotu. Gaskiyar abin da ya faru ake rubutawa a cikinta, ba gardamar doka ba: sunansa, sana'arsa, inda yake zaune da tsawon zamansa, iyalinsa, ko an taɓa kama shi, ranakun nan da kuka tara, da alkawarin ba zai gudu ba, ba zai taɓa shaidu ba, kuma akwai masu tsaya masa. Wanda zai rantse ya sa a fassara masa kowane sakin layi kafin ya sa hannu. In an taɓa ɗaure yaron, ku gaya wa lauya. Gara ya ji daga bakinku da ya ji daga bakin lauyan gwamnati a gaban alƙali.

In mutum bakwai ake tuhuma, kowa ya kawo dalilinsa daban. Kada ku bari a cusa naku cikin rantsuwa ɗaya da wanda aka kama da wuƙa a hannu. Wani lokaci ma lauya ɗaya bai dace ya tsaya wa duka ba, in kariyar wani ita ce ɗora wa wani.

Bayan an biya kuɗin shigarwa, za a kai wa ma'aikatar shari'a kwafi. Su ma za su iya shigo da tasu rantsuwar ta suka, lauyanku ya mayar da martani. In lokacin hutun shekara na kotuna ne, akwai alƙalin hutu da ke sauraron al'amuran gaggawa, kuma beli na cikinsu.

A zauren kotu alƙali zai auna abubuwan da Kotun Ƙoli ta jera a shari'ar Janar Ishaya Bamaiyi ta 2001: girman laifin, ƙarfin hujja, yiwuwar gudu, yiwuwar taɓa shaidu ko sake aikata laifi, tarihin mutumin, har da ko tsarewar ce ta fi masa aminci. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. In unguwa na tafasa, ku shirya inda zai zauna nesa da ita, gidan kawu a wani gari, ku sa a cikin rantsuwa.

A nan zan tsaya in faɗi abin da ke zuciyata. A benci na gaba da ku akwai wata uwa da ta binne ɗanta. Kada ku yi guɗa a harabar kotu, kada ku yi musu kallon banza, kada wani naku ya je gidan shaida ko da da sunan gaisuwa. Saƙo ɗaya na barazana a waya ya isa a hana beli ko a soke wanda aka bayar. In ana son ta'aziyya da neman sulhu, dattawa da limami da mai unguwa su je, da sanin lauya. A jihohin da ke aiki da dokar laifuka ta Shari'ar Musulunci tun 2000, in a kotun Shari'a ake ƙarar, waliyyan mamaci suna da haƙƙin ƙisasi ko diyya ko afuwa, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta zo da shi. A ƙarƙashin Final Kod kuwa ƙarar ta gwamnati ce, yafewar iyali ba ta kashe ta da kanta; Antoni Janar ne ke da ikon janyewa a sashe na 211 na Tsarin Mulki, ko da yake takardar sulhu tana da tasiri a gabansa.

Masu tsayawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ranar hukunci ku san su wa za su tsaya, domin na ga wanda aka ba beli ya ƙara wata biyu a ciki saboda babu mai cika sharaɗi. A irin wannan tuhuma alƙalai kan nemi mutum biyu mazauna yankin kotun, wani lokaci ɗaya mai gida da takardar mallaka ta gwamnati, ko ma'aikacin gwamnati mai wani mataki, ko hakimi ko dagaci, ko ɗan uwa na jini. Su tanadi hotuna, katin ɗan ƙasa, takardar rantsuwa a kan abin da suka mallaka, takardar kama aiki da ta ƙarin girma ga ma'aikaci. In yana da fasfo za a karɓe. Ma'aikacin kotu zai je ya ga gidajensu da idonsa.

Kuɗin da alƙali ya ambata, a mafi yawan lokuta ba ajiye su ake ba. Alkawari ne cewa in ya gudu za a biya. Ku bayyana wa mai tsayawa wannan dalla-dalla, domin in wanda ya tsaya wa ya ɓace, kotu na iya cin kuɗin daga dukiyarsa, in ya kasa biya a ɗaure shi. Mace tana da damar tsayawa. Sashe na 167 na ACJA ya hana a ƙi ta don kawai mace ce. Ku guji 'yan hayar tsayawa da ke yawo a harabar kotu da takardun filin da ba a san asalinsu ba. In sharuɗɗan sun fi ƙarfinku, lauya ya koma ya roƙi sassauci, ya nuna ƙoƙarin da aka yi. Doka ta ce kada sharaɗin beli ya wuce kima.

In an ƙi

Ƙin farko ba shi ne ƙarshe ba. Lauya ya roƙi a gaggauta shari'ar, alƙalai da yawa kan haɗa ƙin beli da wannan umarni. Ana iya sake nema in wani sabon abu ya taso: ciwo ya tsananta, shekara ta cika, shaidun gwamnati sun daina zuwa. Ana iya ɗaukaka ƙara. Kuma ku sa ido a kan ziyarar da Babban Jojin jiha ke kaiwa gidajen gyaran hali, inda yake duba waɗanda suka daɗe ba shari'a; lauya ya tabbatar sunan naku da tarihin fayil ɗinsa sun isa gabansa.

Ranar fita da bayanta

Idan masu tsayawa sun sa hannu, alƙali zai sa hannu a takardar saki, ma'aikacin kotu ne zai kai ta gidan gyaran hali, ba ku ba. Ku matsa a gama da wuri, domin in yamma ta yi an rufe sai gobe, in Juma'a ce sai Litinin. Namu ya fito wata goma sha huɗu bayan kamu, da la'asar, riƙe da leda mai ɗauke da bargo da kofin roba. Inna ba ta ce komai ba, ta kama kansa tana shafawa kamar jariri.

Daga ranar, littafin nan ya koma hannunsa. Ya isa kotu kafin ƙarfe tara a kowane zama, ko da ya ji an ce alƙali ba zai zauna ba. In ciwo ya kwantar da shi, lauya ya sani kafin zaman, a zo da takardar asibiti, mai tsayawa ɗaya ya bayyana. Kada ya canja gida ko lambar waya ba a sanar da kotu ba, kada ya yi tafiya mai nisa ba izini, kada ya rubuta komai a kan shari'ar a Facebook ko WhatsApp, kuma ya rabu da majalisar da aka yi faɗan. Mai tsayawa da ya ga take-taken gudu yana da damar zuwa kotu ya janye, a mayar da wanda ake tuhuma ciki har ya kawo wani. Rashin zuwa sau ɗaya ba dalili ya isa a ba da sammacin kamo shi, kuma wanda aka soke wa beli a tuhumar kisa da wuya ya sake samu kafin a yanke hukunci.